Ƙarar da Kurege Ya Kai Furanni

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama. Ta zo mu ji ta, in ji masu ladabi.

A kan wani dogon dutse da aka hana farauta, ƙananan dabbobi suna da doka: in ruwan fari ya sauka furanni suka buɗe, ba mai taɓa su sai ƙudan zuma sun gama aikinsu. Kurege kuwa yunwar bazara ta rarake shi, ga furanni sun rufe dutsen suna ƙamshi.

Sai ya je gaban Rema, alƙalin dutsen, yana huci. Ya ce ya binne ayarsa tun rani, furanni sun zo sun zauna a kai ba sallama, sun shanye ta ta ƙarƙashi. Shi ba zai yafe ba, a bi masa haƙƙinsa. Alhali ko ƙwaya ɗaya bai binne ba.

Rema ya je da kansa ya tambayi furanni ko sun aikata. Iska ta kaɗa, suka gyaɗa kai. Ya sake tambaya, suka sake gyaɗawa.

"Sun amsa," in ji Rema. "Wanda ya ci naka, ci shi."

Kurege ya ci ja, ya ci fari, ya ci ruwan ɗorawa, har ciki na jan ƙasa.

Sai ga ƙudan zuma, baƙi ƙirin. Suka ce, Allah gafarta malam, zumarsu tana cikin furannin nan, furannin kuma suna cikin Kurege, a yi musu irin wancan hukuncin.

Kurege ya ga mutuwa ido da ido. Ya cusa ƙafafu cikin laka, ya miƙe jela sama, ya ce abin da mutum ya ci shi yake zama, shi yanzu fure ne. Rema ya shinshina shi, ya ji ƙamshi, ya hana a harbe shi.

"To, fure," in ji uwar zuma, "buɗe mu yi aiki."

Suka shiga kunne, suka shiga hanci. Atishawa ta taso, ya haɗiye, don fure ba ya atishawa. Ta sake tasowa, ya sake haɗiyewa.

Da la'asar suka fito a fusace, suka ce tun da suke ba su taɓa ganin fure marowaci irin wannan ba. Rema ya ce ai ciyawa ce, a tuge ta. Aka tuge Kurege aka wurgar, ya gangaro har gindin dutse, sannan ya yi atishawarsa a natse, ciki a ƙoshe.

Ƙurunƙus kan kurege. In za ka kai fure ƙara, fara tambaya su wa ke cin abinci a gidansa.