Malamar Da Aka Aro Daga Kabari

Masu ba da labarin nan sukan ce aku ne ya yi wa Farfesa Mudi nasiha. Kuskure ne. Aku maimaici yake yi. Tsaka ce, wadda ta tsufa a bangon ofishinsa.

Farfesa Mudi shi ne shugaban hukumar da ke sa ido kan manyan makarantun gwamnati a wata jiha. Wata rana da azahar ya ɗauki alƙalami zai amince wa wata kwalejin ungozoma ta ci gaba da yaye ɗalibai, don masu dubawa sun yaba mata. Sai ya ji murya daga bango: "Ranka ya daɗe, an sanar da kwalejin ranar zuwan masu dubawa?"

Ya ɗaga kai ya ga tsaka ce, ya amsa mata. "Haka al'adarmu take."

Tsaka ta ce, "To, saurari abin da ya sami Malam Tanimu, mai dubawa a zamanin wanda ka gada.

"An tura shi wata kwaleji irin wannan, bayan an aika da sanarwa. Ya tarar da gadaje sababbi, na'urori na ƙyalli, malamai jere. A ƙarshen layi ga wata dattijuwa, Malama Kulu, tsaye cikin rana, amma ba ta da inuwa. Ta ce, 'Ɗan nan, kafin ka yaba, ji labarin mai fito.

"'Wani mai fito ne kwalekwalensa ya ruɓe. Da ya ji Sarkin Ruwa zai zo duba jirage, ya aro na ƙanensa. Sarkin Ruwa ya ƙwanƙwasa, ya ce madalla. Kashegari mai fito ya mayar da na aro, ya loda 'yan kasuwa a nasa, ya nutse da su. Har yau idan ruwa ya lafa, ana jin su suna tambayar wanda ya ƙwanƙwasa. Zanen aro, ɗan nan, ba ya rufe katara.'

"Tanimu ya ce, 'Baba, me ya haɗa ni da mai fito?'

"Ta ce, 'Gadajen nan na asibitin gari ne, malaman nan na wata makaranta ne. Ni kuwa na daɗe da rasuwa, amma duk zuwanku sai a kira sunana cikin malamai, dole in taso. Tasowar ba ta dame ni ba. Matan da ɗaliban nan suka karɓi haihuwarsu, su ake kawowa kusa da ni, suna cewa, Malama, me kika koya musu?'

"Tanimu ya koma bayan kwana biyu ba sanarwa. Ɗaki fayau, sai ƙura da sawun ƙafafun gadaje."

Tsaka ta sauko kaɗan. "Ranka ya daɗe, wanda ya faɗa wa ɓarawo ranar bincike, tare suka yi satar. Ba Malama Kulu kaɗai za a tambaya ba."

Farfesa Mudi ya dubi alƙalamin, ya ji ya yi masa nauyi kamar itacen makara. Ya ajiye shi, ya kira direbansa, ya ce za su kwalejin.

"Ranka ya daɗe, a buga musu waya?"

"Kul! Ta da mota."

Kai mai karatu, idan aka ba ka amanar dubawa, kada ka aika da sanarwa. Je ka da ƙafarka, ka kira malamai ɗaya-ɗaya, ka duba inuwar kowa.