Tambayar Rekiya Mai Manja

Akwai wata mata a Akurba, nan bakin garin Lafia, sunanta Rekiya, manja take sayarwa a kasuwa. Firamare kawai ta yi, amma idan ta kama magana ba ta saki.

Wata safiya maƙwabciyarta Fanen, 'yar Tibi, ta shigo mata ido jawur. Wani mai faɗa a ji a unguwar ya yi wa 'yarta Francisca fyaɗe, yarinya 'yar shekara tara. Dattawa har sun zauna sun ce a rufa asiri.

"Rekiya, sun ce in yi shiru saboda mutuncin yarinya," in ji Fanen.

Rekiya ta ce, "Mutuncin yarinya ko nasa? Ɗaura ɗankwalinki, asibiti za mu fara zuwa."

Daga asibiti sai wajen 'yan sanda, daga nan kotu. Wata takwas ana ɗage shari'a, kuma duk zama Rekiya sai ta kulle rumfa ta raka su. A barandar kotun ta gane ba su kaɗai ba ne. Ga uwa daga Azuba, ga kaka daga Adogi, kowa da irin wannan kukan. Sai ta riƙa tara su gidanta duk Lahadi da la'asar.

Da kakar zaɓe ta zo, wani ɗan takarar majalisar tarayya ya shigo kasuwa. Rekiya ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, me za ka yi wa yaran da ake lalatawa?"

Jafaru, kakakin ɗan takarar, ya fizge makirufo. "Hajiya, ana maganar titi da taki, ke kina kawo maganar cikin gida? Wannan ba siyasa ba ce. Koma ki auna manjanki."

Aka kwashe da dariya. Rekiya ta ji zafi har cikin ranta, ta koma rumfarta.

Ran Lahadi matan suka yanke shawara: duk inda ɗan takara ya tsaya, ɗaya za ta tashi ta yi wannan tambayar. Aka yi ta da Hausa, aka yi da Gwandara, aka yi da Eggon da Tibi. Wata ta ɗauka a waya, bidiyo ya bazu. Matan Makurdi suka kama, na Kano suka kama, gidajen rediyo suka ɗauka. Kafin ranar zaɓe babu ɗan takarar da zai hau mumbari bai tanadi amsa ba.

Sai ga Jafaru a rumfarta, ya durƙusa. "Mama, ki yafe ni. Oga ya ce ki taimaka mana da abin da zai faɗa."

Rekiya ta ba shi kujera da ruwan sanyi. "Na yafe, ɗana. Amma ni abin da zai yi nake nema. Rubuta: a daina jan shari'ar yara, a ɓoye sunansu, kuma kada wani dattijo ya sake kashe magana a zaure."

Ya rubuta, kansa a ƙasa.

Bayan zaɓe kotu ta ɗaure mutumin da ya yi wa Francisca fyaɗe. Majalisa kuma ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja, Rekiya da Fanen suka tsaya gaban manya suka yi bayani da Hausa.

Ranar da suka dawo, tun daga bakin layi suka jiyo muryar Francisca cikin 'yan gaɗa, ita ke ba da waƙa. Fanen ta riƙe hannun Rekiya, suka tsaya sai da waƙar ta ƙare.

Darasi: Shiru mai laifi yake karewa, ba yaro ba. Kada ka raina mai tambayar gaskiya don sana'arta, shugabanni ba sa ɗaukar magana sai talakawa sun ƙi ajiye ta. Ku tura wa iyaye da malamai wannan labari, wataƙila wata uwa na jiran wanda zai raka ta.