Makullin Da Bai Miƙa Wa Masu Gida Ba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, sana'arsa haɗa wa mutane intanet a gida. Shi ke kafa ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ake kira rauta. In ya gama, sai ya sa wa masu gida doguwar kalmar sirri, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Na kulle muku. Ko aljani ba zai shiga ba."

Alhali akwatin makulli biyu gare shi. Akwai na masu gida, akwai na cikin akwatin, wanda duk ya riƙe shi ya riƙe komai. A na biyun nan, kalma ɗaya yake sawa a kowane gida, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Me yake yi da ita? Sai ya ajiye mota a bakin layi, ya shiga kyamarorin da iyaye suka sa don duba jarirai, yana kallon matan mutane a ɗakunansu. Tir da wannan hali! Mutumin da aka ba ruwa ya sha, aka ce masa shigo har ciki! Ƙazantar ba ta ishe shi shi kaɗai ba, sai da ya riƙa nuna wa abokai a shagonsa ana shewa. Da wani mai gyaran waya ya koɗa shi, ya ba shi kalmar don a ce shi gwani ne.

Abu ɗaya ya manta. Da 'yarsa ta haihu, shi ya haɗa musu intanet da kyamara, hannunsa kuma ya buga kalmar nan yadda ya saba.

Mai gyaran waya ya dinga bin unguwanni yana gwada ta. Wata rana ya shigo shago yana dariya, ya ce, "Maigida, zo ka ga sabon kamu."

Ya karɓi wayar yana washe baki. Ya ga labule, irin wanda ya saya da hannunsa. Ya ga gadon jariri. Sai matar ta juyo. 'Yarsa ce.

Ya ruga ya canza kalmar, amma hoton ya riga ya shiga wayoyin gari. Asirinsa ya tonu, shago ya mutu, ba gidan da ya sake buɗe masa ƙofa. Duk wannan bai kai maganar 'yarsa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, ta ce, "Baba, ba kai ka ce ka kulle ba?" Daga ranar ba ta ƙara kiransa Baba ba.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya muku mai leƙen ɗakin wani nasa ɗakin zai tsira? Amana aka ba shi, ya ci, ya kuma cinye mutuncin 'yarsa a ciki. Ku koma gida ku canza makullan nan biyu da hannunku. Wanda kuma aka ba amanar gida, ya ji tsoron Wanda ba a kulle masa ƙofa.

Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu da tona na wasu.