Kwalbar da Ba Ta Taɓa Shiga Rijiya Ba

Akwai wani jami'in duba gidajen mai da ake kira Mai Hatimi. Labarinsa zan ba ku yau, jama'ar wannan shafi, kuma ku yi haƙuri da ni, don har yanzu raina a ɓace yake.

Aikinsa ba shi da wuya. Duk wata uku ya je gidan mai, ya ɗebi ruwa a kwalba daga rijiyar da ta fi kusa da tankunan da aka binne, ya kai ɗakin gwaji. Idan tanki ya huje, a ruwan nan ake fara ganewa.

Amma bawan Allahn nan ko fitowa daga mota ba ya yi, wai kada takalminsa ya ɓaci. Sai ya sauke gilashi ya miƙa wa manaja kwalba, manaja ya cika ta a famfon bayan ofis. A cika masa tankin mota, ya buga hatimi, ya ƙara gaba.

Rijiyar da ta fi kusa ita ce ta Gwaggo Mai Wanki, katanga ɗaya ce ta raba su. Mijinta ne ya haƙa ta da hannunsa kafin ya rasu. Da ruwanta take wankin da take ci da kanta, gida tara kuma nan suke ɗiban ruwan sha.

Wata rana wani tela ya dawo mata da rigarsa.

"Gwaggo, da fetur kika koma wanki ne? Ina tsoron in je kusa da wuta in kama."

Ta yi dariyar yaƙe, ta ja guga ta shinshina. Wani maiƙo ne mai launi-launi kwance a saman ruwan. Kafin wata ya ƙare masu kawo wanki sun ragu, maƙwabta kuma sai kukan ciwon kai da ƙaiƙayin jiki.

Ta je wurin manaja, ya ce ta je hukuma. Sau huɗu tana zuwa hukumar tana wuni a benci kafin Mai Hatimi ya ga damar ganinta. Ko zama bai ce ta yi ba.

"Yallaɓai, rijiyata warin mai take yi."

Ya jawo takarda ya buga mata a tebur. "Kin iya karatu? Gwaji ya ce ruwa lafiya lau. Hancinki ya fi injin gwaji ne?"

"Ɗana, ni ban taɓa ganin ka a bakin rijiyata ba. A ina kake ɗiban ruwan?"

"Fita min daga ofis!"

Tsohuwar da ta isa ta haife shi ya yi wa wannan tsawar. Wallahi duk lokacin da na tuna sai takaici ya kama ni.

Gwaggo ba ta koma gida ba. Ta tambayi inda ɗakin gwajin yake, ta ajiye wa matar da ke aiki a wurin gorar ruwan da ta zo da ita. Mai gwajin ta buɗe, ta kawar da kai. Sai ta ɗauko tsofaffin sakamakon gidan man ta zuba musu ido.

"Gwaggo, kina zuba wa rijiyarki maganin tace ruwa?"

"'Yata, ko ganinsa ban taɓa yi ba."

"To duk kwalaben da ake kawo min daga can suna ɗauke da shi. Ruwan famfo ake kawo min. Laifina ne da ban tambaya ba."

Washegari mai gwajin ta zo gidan man da kanta tare da shugabanta. Aka tono tankin. Tsatsa ta ci gindinsa, ga huda wadda yatsa zai shige. Manaja ya fara rantse-rantse, sai mai gadi ya ce tun bara aka hana su taɓa ruwan wurin. Ashe sun sani, suka yi shiru.

Aka rufe gidan man, aka kori Mai Hatimi daga aiki. Ya zo ya durƙusa a ƙofar Gwaggo, takalmin nan duk taɓo.

"Gwaggo, ki yafe min."

"Taku ashirin ne daga motarka zuwa nan," in ji ta. "Taku ashirin kawai. Yafiya kuwa, gida tara ne, ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

A ranar ma'aikata suka zo da siminti da rodi, domin ruwan bai shayuwa, bai wankuwa. Gwaggo ta riƙe hannun mai gwajin.

"'Yata, yaushe za a buɗe min?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Mai idan ya shiga ƙasa yana daɗewa, Gwaggo. Shekaru ne masu yawa."

Gwaggo ta saki hannun matar. Ta kwance igiyar guganta ta naɗe, ta tsaya tana kallo har aka shafe bakin rijiyar.

Darasi: Idan an ba ka amanar dubawa, ka sauka ka duba da idonka, domin hatimin da ka buga kana zaune ruwan shan wasu ne. Korar mai laifi ba ta dawo da abin da ya lalace. Ku kuma idan kun ji warin mai a ruwanku, ku daina sha, ku kai ƙara, ku tambayi inda aka ɗebi ruwan gwajin. Ku tura wa duk wanda ke maƙwabtaka da gidan mai, da duk wanda ke riƙe da hatimi a ofis.