Fatar Haladu da Zuciyar Sallau

An yi wani mutum a wani gari, jama'a. Ba zan faɗi sunan garin ba, kada wani ya tashi ya ce da kawunsa nake. Sunansa Haladu, hatsi yake sayarwa a kasuwa. Bawan Allah ne marar hayaniya, in ya auna maka gero sai ya bi ka da gyara. Yana da ɗan'uwa, Sallau, ɗan wan babansa, rumfarsu na jikin juna. To ku saurara da kyau.

Su biyun nan Allah ya ba su jiki. In na ce jiki, ina nufin jiki. In suka zauna a benci guda, mai benci sai ya kama salati. Da safe waina, da rana tuwo da man shanu, da la'asar tsire da lemon kwalba, shayi kuwa sai sukari ya kai rabin kofi. Sallau yana jin daɗin zaman nan, domin duk wanda ya yi wa ƙibarsu dariya, su biyu ya yi wa.

Wata rana Haladu ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. Sallau ya kai shi asibitin garin, wurin wani dattijon likita, Dakta Zubairu. Likita ya gama auna Haladu, ya dubi Sallau ya ce shi ma ya matso. Da ya gama sai ya ce, "Ku duka biyun ciwon suga ya kama ku, ga hawan jini. Kayan da kuka ɗora wa zuciyarku, jaki ba zai ɗauka ba. Ku rage, ko ta ajiye ku."

Suna fita Sallau ya yi tsaki. "Likitocin nan, in ka bi tasu ko ruwa ba ka sha. Zo mu je wurin mai tsire."

Haladu ya ce, "Yaya, ni kam na tsorata. Ina da yara."

Daga ranar Haladu ya ajiye lemo, ya ajiye sukari, ya rage malmala. Ya daina hawa babur, da ƙafa yake zuwa kasuwa yana haki, yara suna dariya. Damina ta wuce, wata ta zo, Haladu yana ragewa. Sallau kuwa ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa, ya kasa. Kuma duk ranar da ya je karɓar magani, sai likita ya ce, "Malam Sallau, dubi ɗan'uwanka mana. Dubi Haladu!"

Dubi Haladu, dubi Haladu. A gida matarsa ta ce dubi Haladu. A masallaci Haladu yana tsayuwa a sahu, shi yana salla a kan kujera. Yanzu in an yi dariyar ƙiba a kasuwa, shi kaɗai ake yi wa.

Amma rama ta zo wa Haladu da tata jarrabawar. Kitse ya tafi, fata ta ƙi bin sa. Ta ciki ta zubo kamar zanen da ya kwance, ta dantse tana reto. In zafi ya yi, ƙarƙashinta ya jiƙe, ya saɓule, ya yi miki. Bai yi wa kowa kuka ba, sai dai ka gan shi yana tafiya a hankali.

Ran nan wani mai sayen dawa ya ce, "Kai, Haladu ya koma saurayi!"

Sallau ya taɓe baki. "Saurayi? To. Ni dai ban ce komai ba. Amma ramar da ke barin fata haka, ku tambayi masu sani wace cuta ce."

Kun ji? "Ban ce komai ba." Kafin kasuwa ta sake ci, gari ya ɗauka Haladu yana da mugun ciwo. Masu saye suka janye daga rumfarsa. Akwai 'yarsa Lantana, an riga an sa mata rana da wani yaron kirki da take so, sai iyayen yaron suka aiko aka kwashe kayansu. Yarinya ta yi kuka har ta gaji. Haladu ya san bakin da maganar ta fito, amma washegari ya zo rumfa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" kamar kullum. Wannan gaisuwar ma haushi ta ba Sallau.

Da mikin ya matsa masa, Haladu ya je ya tambayi malaminsa, malam ya ce cire abin da ke cutar da jiki magani ne, ba laifi. Sai ya tafi babban asibiti a birni, aka yi masa aiki, aka yanke fatar da ta yi yawa, aka ɗinke. Ya daɗe can. Sallau yana ta ce wa mutane, "Ba na gaya muku ba?" Sai ga Haladu ya dawo cikin kaftani daidai jikinsa, yana tafiya a miƙe. Sallau ya kalle shi ya ji kamar an zuba masa barkono a ido. A lokacin kuwa shi gyambo ya fito masa a ƙafa, ya ƙi warkewa, yana ɓoye shi cikin safa.

Kai da ke gyangyaɗi can baya, farka, ga inda maganar take.

Wata safiya Sallau yana kwance a ɗakin likita, bayan labule, an wanke masa ƙafa yana jiran a ɗaure. Sai ya ji sallamar Haladu. Haladu bai san da shi a wurin ba.

"Likita, na zo in sanar da kai ne. An yi min aikin fatar nan a birni. Kai ke ba ni magani, bai kamata a taɓa jikina ba ka sani ba."

Likita ya duba ɗinkin, ya tambaye shi magungunan da aka ba shi, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce, "Na ji abin da aka yaɗa a kanka, har auren 'yarka ya lalace. Ni na auna jininka, na san ƙarya ce. Wane marar tsoron Allah ne ya fara?"

Sallau yana bayan labule yana ji. Ya ce a ransa, yau kam za a tona ni.

Haladu ya ce, "Likita, a bar wannan. Wanda ya faɗa, tsoro ne ya yi masa yawa. Na san tsoron nan, na kwana da shi. Alfarma dai nake nema."

"Faɗi."

"Yaya Sallau. Na ga yana ɗingishi, kuma ba zai ji daga bakina ba. Don Allah ka daina ce masa ya dube ni. Duk sanda aka yabe ni a gabansa, nisa ake ƙara masa da magani. In ma za ka ba shi labarina, ka gaya masa na sha ɓuya in ci waina ina kuka. Ka gaya masa bayan aikin nan sai da aka riƙa ɗaga ni kamar jariri. Ban fi shi komai ba. Kuma ranar da na faɗi, shi ya ɗauko ni ya kawo maka."

Likita ya juya ya dubi labule.

Kuna tsammani nan take Sallau ya tuba? A'a. Abin da ya fara zuwa masa shi ne, "Wato har a kirki ma yaron nan ya fi ni!" Kun ga hassada? Ya kwanta yana cizon leɓe har Haladu ya tafi. Sai da likita ya yaye labule ya tsaya a kansa, bai ce "dubi Haladu" ba, sannan hawaye suka zubo wa Sallau.

Ƙafar nan ta riga ta yi nisa, sai da aka yanke masa yatsu. Haladu ne ya yi jinyarsa. Da Sallau ya fara takawa da sanda, ya ce a kai shi kasuwa. Ya tsaya tsakiyar 'yan hatsi ya ce, "Jama'a, maganar ciwon Haladu ni na ƙirƙira. Lafiyarsa ƙalau. Baƙin ciki ne ya sa ni." Daga nan ya ja ƙafa har gidan iyayen yaron da ya fasa auren Lantana. Suka ce, "Malam Sallau, ka makara. Ya riga ya auri wata."

Ya dawo ya durƙusa gaban Lantana, 'yar ƙaninsa. Ta ce, "Baba, na yafe," amma ba ta ɗago ta dube shi ba. Allah ya ba ta wani mijin daga baya. Sallau kuwa har ya koma ga Allah, in ya hango ta sai ya sunkuyar da kai.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. In ɗan'uwanka ya iya abin da ka kasa, ka je ka ce ya koya maka, kada ka ƙulla masa sharri. Fatar da ta yi yawa likita yana yankewa ya ɗinke, amma maganar da ka saki a kasuwa babu mai ɗinke ta. Ke uwa, kai uba, kai malami, ku daina dukan wani da yabon wani, "dubi wane, dubi wance," kuna shuka ƙiyayya tsakanin 'yan'uwa ba ku sani ba. Kai kuma da Allah ya ba nasara, ka yi irin na Haladu: ka faɗa wa likitanka gaskiyar jikinka, ka rufa wa ɗan'uwanka asiri, ka nema masa lafiya ko da shi ya cuce ka. Kowa ya duba zuciyarsa yau, akwai wanda in an yabe shi kake jin zafi? In akwai, kafin ka fita daga masallacin nan ka yi masa addu'ar ƙari. Allah ya wanke mana zukata, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.