Littafin da Ke Cikin Akuya

Akuyar Goggo Tabawa ta cinye littafin da jikokinta suka aro a laburare. Malam Sidi, mai kula da wurin, ya ce, "Shi nake so, ba wani ba. In bai dawo yau ba, kullum akwai tara, kuma zan soke katin yaran."

Da la'asar sai ga Goggo janye da akuya.

"Ga littafinka, Malam, yana ciki. A wace kanta zan ɗora ta?"

"Goggo, dabba ba ta shiga nan."

"To ni dai na kawo, kai ka hana shi shiga. Daga yau tarar taka ce."

Malam Sidi ya jawo rajista.

"Na karɓa. Na sake ara miki shi, kada ki dawo da shi."