Baƙin Man da Ya Kashe Albasa

Akwai wani manomi da yake da lambun albasa a bakin rafi, da wani tsohon injin ban-ruwa da ya yi masa bauta shekara goma sha biyar. Wata rana ya dubi injin, ya ce a ransa, "Wannan ya wahala domina. Bari in saka masa da alheri."

Sai ya tashi ya tafi birni, ya sayo baƙin mai irin na sababbin motoci, mai tsada, tsinkakke kamar ruwa, cikin galan mai ƙyalli. Ya kawo wa bakaniken ƙauyensu, ya ce a yi wa injin juyen mai.

Bakanike ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya ce, "Maigida, wannan ai na yara ne. Injinka ya tsufa, ƙarafan cikinsa sun cinye, sun yi sako-sako. Mai kauri yake so. Wannan ba zai zauna masa ba."

Manomin ya ce, "Kai dai ka saba da kayan arha. Zuba kawai."

Aka zuba. Kwana biyu injin yana ta tuƙa hayaƙi, yana ƙone man, maigidan kuwa yana ta nuna wa maƙwabta galan. A rana ta uku man ya ƙare ƙaf, injin ya yi zafi, ya buga. A lokacin saura mako uku albasa ta ƙosa. Manomin ya zaga neman aron inji, kowa nasa yana bakin aiki. Kafin a samo kayan gyara, rana ta cinye lambun.

Ma'anar wannan misali ita ce, kuma ku buɗe kunne, ba na maimaita magana. Tsohon injin nan iyayenku ne. Manomin ku ne, ku da kuka tafi birni kuka samu. Kuna aiko wa uwarku kilishi, ita da haƙori biyu suka rage mata. Kuna aiko mata wayar da ake shafawa, ita kuwa ko fuskar jikanta da ƙyar take gani. Ɗakinta na yoyo tun bara, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin. Sa'an nan ku shiga sujada kuna cewa kun cika dokar Ubangiji ta girmama iyaye. Wa kuka girmama? Kanku kuka girmama, don a ce ɗan wance ya yi abin kirki.

Allah bai hana a yi wa tsoho abu mai tsada ba. Amma bai ɗora wa kowa tsada ba, kula ya ɗora mana. Mai kula kuwa tambaya yake yi.

Saboda haka kafin ku shiga kasuwa, ku zo gida, ku cire takalmi, ku zauna a tabarma, ku ce, "Inna, me kike so?" In ta ce kunu, to, a dama kunu. Kada a kawo mata gardama.